Ranar da Mai Raɗa Ya Matsar da Kujerarsa

Shekara goma sha tara Mai Raɗa ya yi yana zama a kan wata 'yar kujerar katako a bayan labule, kuma a duk shekarun nan ba a taɓa tafa masa ba ko da sau ɗaya. Ba da wannan yake ci da iyalinsa ba. A maɗaba'a yake aiki, shi ne mai duba kurakurai kafin a ɗora takarda a kan inji, kullum da jan biro maƙale a bayan kunne. Allah ya yi shi mutum ne da ba ya iya ganin kuskure ya wuce. Ya taɓa sauka daga motar haya don ya gaya wa wani mai shago cewa allonsa a karkace yake, motar ta tafi ta bar shi, ya ƙarasa gida a ƙafa yana jin ya yi aikin lada. Matarsa, wadda tela ce, takan ce da za a ba shi aron duniya na kwana ɗaya, da ya dawo da ita duk jan zane.

Ran Asabar da yamma ne yake zama Mai Raɗa. Ma'aikatan unguwarsu suna da ƙungiyar wasan kwaikwayo, suna haɗuwa a zauren taron wata makarantar firamare, inda in babba ya zauna a kan benci gwiwarsa sai ta taɓa haɓarsa. Akwai nas, akwai mai gyaran famfo, akwai masinja, sai wata tsohuwar malamar makaranta da ke shugabantarsu, wadda kowa ke kira Malama, kowa kuma ke tsoro. Aikin Mai Raɗa shi ne ya riƙe littafin wasa a bayan labule, in wani ya manta abin da zai faɗa a kan dandamali, ya raɗa masa farkon maganar. In ya yi aikinsa da kyau, ba mai sanin yana wurin.

Wasa ɗaya suke yi duk shekara, wani tsohon wasa na ban tausayi da aka rubuta tun kafin a haifi kakanninsu. Labarin ƙanin wani sarki ne, wanda ya san gadar da yayansa zai bi ta ruɓe, ya ja bakinsa ya tsuke. Gada ta karye, sarki ya halaka, ƙani ya hau karaga, sai dai daga ranar bai ƙara samun sukuni ba har ya bi yayan nasa. Mutanen unguwa sun haddace ƙarshen, amma duk shekara sai sun zo da hankici.

Wanda ke fitowa a matsayin ƙanin sarki kuwa, tun kafuwar ƙungiya, Baba Direba ne, tsohon direban bas da ya yi ritaya. Murya ce da shi da ba ta buƙatar lasifika. In ya daka tsawa a kan dandamali, jariran da aka goyo a layin baya sukan farka su taya shi. Mai Raɗa shi kaɗai ba ya ce masa Baba, Yaya yake ce masa, shi kuma yana ce masa Ƙanena. A gidan Baba ya ci abincin rana fiye da yadda zai iya lissafawa, 'yar Baba ma Kawu take ce masa.

Akwai abu biyu da Mai Raɗa kaɗai ya sani. Na farko, kunnen Baba na hagu ya mutu murus tun shekara uku da suka wuce, ƙarar inji ta shekara da shekaru ta cinye shi. Na biyu, haddar ma ta fara zubewa. Baba ya kira shi gefe ya gaya masa, ya ce ko 'yarsa bai gaya wa zancen haddar ba. Daga nan suka tsara abinsu. Mai Raɗa ya kafa kujerarsa a gefen da kunnen dama ke fuskanta, yana jefa wa Baba kalmar farko ta kowace magana, Baba na cafewa yana ƙarasawa da wannan muryar tasa. Shekara uku suna haka, ko Malama mai idon shaho ba ta gano ba.

Akwai kuma na uku, wanda ko Baba bai sani ba. Mai Raɗa yana son matsayin nan kamar ransa. Ya haddace wasan daga bango zuwa bango, yana yin sa a banɗaki, yana yin sa a gaban injin yankan takarda in abokan aiki sun fita shan iska. Duk shekara in aka tashi tsaye ana tafa wa Baba, shi yana bayan labule da littafi a cinya, yana murmushin da bai kai ciki ba. Ba na ganin laifinsa a nan. Wanda ya shekara goma sha tara yana dafawa wani na ci, in ya lashi yatsa ba abin mamaki ba ne.

A shekarar da nake ba da labari, aka gayyace su su yi wasan a babban zauren gari, mai kujeru masu laushi da labulen da ake ja da igiya. Malama ta tsaya a gabansu tana buga sandarta a ƙasa.

"Ku ji ni da kyau," in ji ta. "Asabar mai zuwa gwaji ne na gaske. Duk wanda ya kafe a kan dandamali, ko ubana ne, zan canza shi."

Asabar ta zo da wani irin zafi. Fankar gefen da Mai Raɗa ke zama ta lalace, gumi na ɗiga daga hancinsa yana jiƙa littafi. Mai gyaran famfo ya leƙo, ya gan shi sharkaf, ya ce, "Haba Malam, za ka narke a nan? Ka koma can gefen mana, ta can tana aiki."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, don bai san komai ba. Mai Raɗa kuwa ya sani. Ya dubi kujerar, ya dubi ɗaya gefen. Ya ce wa kansa ai ba shiru zai yi ba, aikinsa zai yi yadda ya saba, kuma zafi dai kowa ya shaida ana yi. Ya sunkuya ya ɗauki kujerar, bai taɓa jin rashin nauyinta irin na ranar ba. Ya zagaya ta bayan labule ya dasa ta a gefen kunnen da ya mutu.

Baba ya shigo da ƙarfinsa, ya yi magana biyu da ya tuna, a ta uku ya tsaya yana jira. Mai Raɗa ya raɗa. Nas, wadda ke fitowa a matsayin matar sarki, ta ji sarai. Masinja ma ya ji. Baba na tsaye da hannu a sama, yana karkata kai wajen da ya saba samun taimako, babu komai. Mai Raɗa ya sake raɗawa, da ɗan ƙarfi, yadda kowa zai shaida ƙoƙarinsa. Har Malama da ke kan benci ta ji. Sau bakwai aka yi haka kafin a kai rabin wasa. A na bakwai Baba ya sauke hannunsa a hankali, ya ce, "Malama, a yi haƙuri," ya sauko ya zauna a kan bencin yara.

Ba a yi wata doguwar shawara ba. Wa ya san wasan nan in ba Mai Raɗa ba? Malama ta nuna shi da sanda, ta ce ya miƙa wa masinja littafi.

Kai, zo ka ga murna! A hanyar gida ya gai da mutanen da bai taɓa sani ba. Ya wuce wani allo mai kuskure har uku, ya ɗaga masa hannu. Ya faɗa ɗakin ɗinkin matarsa ba ko sallama, ya finciko wani yadi mai ruwan goro na wata mai jiran ɗinki ya yafa, ya haye kan kujerar keken ɗinki.

"Ki durƙusa," in ji shi, "sarki ya shigo!"

"Sauko kafin ka karya mini kujera, Malam. Lafiya kuwa?"

"Lafiya lau! Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ni ne ƙanin sarki, kuma a babban zaure!"

Ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Kafin sati ya zagayo ta kwance labulen falo ta fara ɗinka masa alkyabba, gidan ya zauna tsirara kowa na wucewa yana ganin abin da suke ci. Aka yanka kambi daga kwalin takarda na maɗaba'a, aka liƙa masa takarda mai ƙyalli. Da shi yake shan shayin safe. A wurin aiki ya riƙa amsa waya da muryar sarauta, har wani mai son a buga masa kalanda ya ba da haƙuri ya kashe, a zatonsa kotu ya kira. Maigidansu ya ba da izini a buga takardar sanarwar wasan a kan inji, Mai Raɗa ya duba ta sau goma sha ɗaya, ba don neman kuskure ba. Ranar ce ta farko da ya ga an ambace shi a saman takarda.

Ana cikin wannan shagali, sai ga Baba Direba ya zo gwaji. A ƙafa ya zo, abin da bai taɓa yi ba. Ya rungume Mai Raɗa a gaban kowa, ya ce in dai abin zai bar hannunsa, gara ya faɗa a hannun ɗan gida. Ya shiga koya masa tsayuwa, da inda ake jan numfashi, da yadda ake barin shiru ya ɗan daɗe kafin a faɗi maganar gada. Da aka tashi, ya ja shi gefe.

"Ƙanena, ka yafe mini kunyar da na ba ka rannan. Kana ta fama da ni, ni kuwa ko ƙis. Kunnen daman ma ya bi ɗan'uwansa."

"Haba Yaya, ai ga shi kana jina."

"Magana da ƙarfi ina ji. Amma haka na hagun ya fara, raɗa ce ta fara ɓacewa. Na gaya wa 'yarka ta gidana komai, ta karɓe makullin mota, kuma gaskiyarta. Wanda ba ya jin ƙaho, me ya kai shi titi da jikoki a baya?"

Ya faɗa yana dariya, amma idonsa bai yi dariya ba. Baba ya shekara arba'in a bayan sitiyari. Ɗaukar jikokinsa daga makaranta a tsohuwar motarsa shi ne abin da ya rage masa na zama direba.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Daga ranar kambin ya fara matse wa Mai Raɗa kai. In masinja ya ja kujera a bayan labule, sai ya zabura. In nas ta dube shi a cikin wasa ta tambaye shi me ya sa bai yi magana ba, sai ya kawar da kai. Abin haushin shi ne wasan nasa sai ƙara kyau yake yi. A wurin da ƙanin sarki ke rantsuwa cewa hannunsa bai taɓa gadar ba, muryarsa takan karye, hawaye na gaske su zubo. Malama, wadda ba ta taɓa yabon kowa ba tun da aka san ta, ta cire tabarau ta goge.

"Ina ka ɓoye wannan duk shekarun nan?" in ji ta.

Ya ji daɗin yabon, wallahi ya ji, kuma jin daɗin ne ya fi komai ba shi kunya.

Ana saura kwana shida wasa, ya yanke shawarar ya faɗi gaskiya. Ya rako Baba daga gwaji, suna tafe a gefen titi, motoci na wucewa. Ya buɗe baki ya zazzage komai, tun daga fanka har zuwa kujera, ya nemi gafara har sau uku. Baba na ta gyaɗa kai, yana kallon wata bas da ke neman juyawa a inda bai kamata ba. Da suka kai kwana, ya dafa kafaɗarsa ya ce Allah ya yi masa albarka, ya gai da gida.

Mai Raɗa ya koma gida kamar ya tashi sama. Ya ci abinci faranti biyu, ya ɗauki kambi ya mayar kansa, ya ji ya zauna daidai. Don sauƙin da ya samu ya yi masa yawa, sai ya kwashe labarin duka ya gaya wa matarsa. Ta tsayar da keke. Ta dube shi da zare a baki.

"Amma dai ban yi shiru ba," in ji shi da sauri. "Kowa ya ji ina raɗawa. Kujera kawai na matsar."

"Ba cinya ba, ƙafar baya. To, da ka gaya masa, me ya ce?"

"Ya sa mini albarka."

"Albarka? Mutumin da aka raba da motarsa?" Ta cire zaren daga bakinta. "Malam, da kuna tafiya, ta wane gefensa kake?"

Ba sai ya tsaya tunani ba, don shi ya zaɓi gefen hagun da kansa tun suna fitowa daga ƙofar makaranta. Ya cire kambin ya ajiye a kan tulin yadi. Matarsa ta mayar da ƙafa kan keke, ta ce rigar ta kusa, amma ita ba za ta ƙarasa kalmasa bakinta ba sai ya je ya dawo.

Washegari da hantsi ya nemi izini a wurin aiki ya nufi gidan Baba. Ya same shi a tsakar gida yana wanke motar da ba ya tuƙawa. Ya zagaya ya tsaya a damansa, kusa sosai, ya faɗa da muryar da ko mai wucewa a waje zai ji. Wannan karon maganar ba ta yi tsawo ba.

Baba ya tsaya da soso a hannu, kumfa na gangarowa zuwa gwiwar hannunsa.

"Kana nufin ta hagu ka koma?"

"Ta hagu, Yaya."

"Duk sau bakwai ɗin?"

"Duka."

Sai Baba ya jefar da soso, ya kwashe da wata dariya da ta sa tattabarun maƙwabta suka watse.

"Ashe kunnena lau! Kai! Je ka bakin ƙofa, je ka! Raɗa mini wani abu!"

Mai Raɗa ya je bakin ƙofa ya raɗa farkon maganar gada. Baba ya cafe ya ƙarasa ta da tsawa. Ya ce ya ƙara matsawa, ya koma bayan tankin ruwa, ya raɗa, Baba ya cafe. Ya tura shi bayan mota, ya tura shi ƙofar kicin, tsoho yana juyi a tsakar gida da jiƙaƙƙen wando yana kama magana kamar mai kama ƙwallo. 'Yarsa ta fito da ludayi a hannu tana tambayar ko lafiya.

"Kawo makullina!" in ji Baba. "Kunnen ubanki garau yake! Yau ni zan ɗauko yara!"

"Baba, me ya faru? Kawu, me ake ciki?"

"Ke dai kawo makulli, labari sai anjima."

Ta koma ciki tana dariya ba tare da ta san dalili ba. Mai Raɗa ma dariyar yake yi, hawaye na zuba, yana jin kamar an sauke masa buhu daga ka. Ya matso ya kama hannun Baba.

"Yaya, yau ɗin nan zan je wurin Malama in gaya mata. Ka karɓi abinka. Rigar ma za a buɗa ta ta yi maka, ni in koma kujerata."

Dariyar Baba ta lafa a hankali. Ya zare hannunsa, ba da fushi ba, ya sunkuya ya ɗauki soson ya matse shi a cikin bokiti.

"Ka koma kujerarka," in ji shi, "ni kuma in hau in tsaya a gaban mutum ɗari biyar, in karkata kai ina jiranka?"

"Wallahi ba zan sake ba."

"Na yarda ba za ka sake ba. Amma duk sanda na tsaya, sai na tambayi kaina ta ina kake. Da wannan a zuciya ba a yin wasa." Ya goge hannunsa a jikin riga. "Malama dai ka gaya mata, don hakkinta ne ta sani. In ta bar maka, ka hau abinka. Na ga gwajinka na jiya. Ka fi ni iyawa nesa ba kusa ba, ni duk shekarun nan kwaikwayo kawai nake yi."

'Yarsa ta fito da makulli, ta ce Kawu ya tsaya abinci ya kusa sauka. Baba ya ce a'a, yana da aiki a maɗaba'a, kada a tsare shi. Ya sa takalminsa, ya taka masa har bakin titi, ya tsaya ya miƙa masa hannu, ya ce ya gode da zuwa, a gai da mutanen gida. Shekara goma sha tara Mai Raɗa yana shiga gidan nan yana fita, ba a taɓa raka shi kamar baƙo ba sai ranar.